Injin Da Bai San Baturiya Ba

Shafi na 23

Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce in ban sako shafin yau ba, za ta hau mota ta biyo ni Agiye ta zauna mini a tsakar gida. Bisimilla, tabarma tana nan, sai dai ki taho da ruwanki, don zafin bana ba ya raga wa baƙo. Masu zagin Shef Garzali kuma ku ɗan rage, kada ku ƙarar da zagin tun da safe.

*

Baturiya ta ɗora babban yatsanta a kan gilashin injin.

Ja.

Ta goga yatsan a goshinta, ta sake ɗorawa.

Ja.

"Ki lashe shi mana," in ji wata daga bayan layi.

"Na lasa jiya, na lasa shekaranjiya. In lasa ce da yanzu na cinye shi."

Matan suka yi dariya, amma gajera, don kowa ya ga idon Baturiya yau ba na wasa ba ne.

Wata shida ke nan da aka kafa injin nan a bangon rumfar shiga ta kamfanin aya da ke bakin hanyar Gazawa. Dokar da ta zo da shi guda ɗaya ce. Ki ɗora yatsa da safe, in ya kawo koriyar wuta kin zo aiki. In ya kawo ja, to ko buhu goma kika tsince a ranar, a wurin manya na Maradi kina gida kina barci.

Ita kuwa Baturiya shekara goma sha ɗaya tana murza aya da yashi don gashin ya fita, tana tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya cinye zanen yatsunta tas, sun yi sumul kamar bayan cokali. Ba abin da ba a gwada ba. Man kaɗe, ruwan ɗumi, toka. Wata 'yar Gangara ta rantse in aka yi lalle zanen zai fito, aka yi lallen, injin ya ƙara tsanarta.

Ranar farko da ya ƙi ta, Shef Garzali mai kula da ma'aikata ya ce kada ta damu. Ta riƙa leƙowa buro, wato ofishinsa, kowace safiya ya gan ta, shi zai rubuta ta da hannu a cikin wani kaye, littafi mai baƙin bango da ke kan teburinsa. Haka ta yi wata shida cur. "Shef, ga ni." Shi kuma ya gyaɗa kai idonsa na kan waya.

Sai jiya da la'asar gardi Idrisa ya miƙa mata takarda a bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Musbahu mai aikin ordinatar, wato kwamfuta, a buro ya karanta mata. An sallame ta. Laifinta fashin kwana ɗari da arba'in da biyu.

Kuma yau ne Madam Fadila, wakiliyar manyan kamfani, za ta zo daga Maradi da takardun ɗauka na dindindin, guda goma sha biyu cikin mata arba'in. Sharaɗi biyu ne, shekara goma a aiki, da wata shida babu fashi. Wadda ta sami takardar nan ba a sallamar ta in aya ta ƙare, Garzali ba shi da ikon korar ta, kuma ana ba ta katin asibiti ita da iyalinta. Mijin Baturiya, Malam Chindo, shekara biyu ke nan yanar ido ta rufe masa gani, yana zaune a zaure yana jiran aikin da katin nan zai yi masa.

Ta janye yatsanta ta ba na baya wuri.

Ba ta yi taku uku ba Zahra'u ta baro tirenta da sauri ta riƙo mata hannu ta ja ta gefe. Zahra'u maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba su. Baturiya ce ta kawo ta aikin nan shekara biyu da suka wuce, lokacin da mijinta ya tafi Libiya aka daina jin ɗuriyarsa, ya bar ta da ɗiya guda mai ciwon ƙashi.

"Yaya, kin zo kuma?"

"To ina za ni? Nan ne wurin aikina."

"Don Allah ki koma gida. Kin san mutumen ga. Gaban baƙuwa za shi tozarta ki, mu kuma muna ji muna gani ba mu iya komi."

"Tozarci na nawa kuma? Wanda ya wuce na jiya?"

"Ki bari sai gobe, in hushi ya sauka sai a sa baki. Yau dai ki tahi, Yaya. Don girman Allah."

Baturiya ta dube ta. Idon Zahra'u ya kumbura, leɓenta ya bushe.

"Ke ba ki yi barci ba. Ɗiyar ce?"

"Ciwon ƙashin ne ya tashi. Ta kwana tana kuka."

"Allah Shi ba ta lahiya. In mun tashi na shigo in gasa mata ƙahwahun. Koma bisa tirenki kada shi gan ki tare da ni."

Ta zare hannunta ta nufi buro.

*

Garzali mutum ne mai son a ce Shef sau uku kafin ya amsa ɗaya. Yau har da rigar kwat a cikin zafin nan saboda baƙuwa, fanka tana kaɗa masa ƙeya, ga gorar ruwan sanyi tana zufa a gabansa. Musbahu yana kusurwa a bayan ordinatar, yana ganin wadda ta shigo ya sunkuyar da kai.

"Salamu alaikum."

Ya ci gaba da latsa waya.

"Shef, ina kwana."

"Ke ba a ba ki takarda ba jiya?"

"An ba ni. Ita ta kawo ni." Ta kwance bakin zane ta fito da ita ta ajiye a tebur. "Anka ce kwana ɗari da arba'in da biyu ban zo ba. To wa ke leƙowa nan kullum tana cewa ga ni? Aljana ce?"

"Bon. Ni ban san wannan ba. Abin da injin ya hwaɗi shi ne."

"Ina kaye?"

"Wane kaye?"

"Mai baƙin bango. Wanda ka ce kana rubuta ni."

"Ni na ce? Gaban wa?"

Ta dubi teburin. Inda kayen yake zama babu komai, sai gurbinsa mai tsabta a tsakiyar ƙurar aya. A nan ta gane ba kuskure aka yi ba, shiri ne. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

Ta shimfiɗa hannayenta biyu a kan teburin, tafin yana sama.

"Diba, Shef. Diba da kyau. Ba gida na goge su ba, ayarku ta cinye su. Ranar da na shigo gidan ga suna da zane kamar na kowa."

"Ɗauke mani hannu bisa takardu."

"Ba ni ɗaukewa sai ka diba."

"Doka daga Maradi ta taho. Ni ɗan aike ne."

"Dokar ce ta ce ka ce mani kada in damu?"

Ya ajiye wayar. Karo na farko cikin wata shida ya dube ta ido cikin ido.

"Bara da kinka tara mata kunka zauna ƙasa bisa maganar azahar, wa ya damu da ni? Gaban direkta kinka tashi kinka ce na mai da salla minti goma, alwala da komi. Kin san abin da anka hwaɗa mani a waya ranan?"

"Ƙarya na yi?"

"Ba ki yi ƙarya ba." Ya zuba ruwa a kofi ya sha a hankali. "Injin ma bai yi ba."

Kun ji fa. Shekara guda mutum yana riƙe da abu a ciki, yana amsa gaisuwa.

"To yanzu mi kake so in yi?"

"Ki tahi gida salin-alin. Baɗi in aya ta shigo ki zo ki gan ni, in ɗauke ki aikin yini. Ni ba mugu ba ne."

"Shekara sha ɗaya, in komo aikin yini?"

"Wasu ko shi ba su samu ba."

"Madam za ni jira. Ita ta hwaɗa mani da bakinta."

Garzali ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya leƙa taga.

"Idrisa! Zo ka hitar da matar ga. In na sake ganinta cikin gidan ga, kai da ita za ku tahi tare."

Tsohon gardin ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai taɓa ta ba. Baturiya ta dubi furfurarsa, ta ɗauki takardarta ta ƙulle a bakin zane ta fita da ƙafarta. Har ta fita Musbahu yana ta danna abu ɗaya a ordinatar, babu abin da yake rubutawa.

*

Ba ta tafi gida ba. Me za ta ce wa Malam Chindo? Tun jiya ba ta gaya masa ba, da safe ma har addu'a ya yi mata ya ce yau ranar takarda ce. Ta tsallaka hanya ta zauna a gindin bishiyar bedi, tana kallon ƙofar kamfani.

Wajen ƙarfe goma ƙaramar ƙofa ta buɗe, Musbahu ya turo moto, wato babur, da kular ƙanƙara ɗaure a baya, an aike shi sayo ƙanƙara saboda baƙuwa. Ya tsallako ya tsaya a inuwar bedin, ya tsuguna yana taɓa sarƙar moto kamar ta lalace.

"Inna, kada ki dube ni. Ki yi kamar da iccen ga kike magana."

"Ina jin ka."

"Takardar jiya ni na buga ta. Ba daga injin ta hito ba. Shef ya tsaya bisa kaina shina hwaɗi ina rubutawa. Maradi ba su san da ita ba."

"To shi injin mi ya ce?"

"Injin ya ce ba ki taɓa hwashi ba."

Ta manta da maganar icce, ta juyo gaba ɗaya.

"Mi ka ce?"

"Ko kwana guda. Wata shida, kullum kore. Sunanki na cikin sha biyun da Madam za ta kira yau, ke ce ta tara."

"Musbahu, kada ka yi wasa da ni. Ni da injin bai taɓa karɓa ba?"

"Ke bai karɓa ba. Sunanki ya karɓa." Ya share zufa da hannun riga. "Ranar da anka ɗauki yatsu naki ya ƙi, lambarki ta zauna wohi. Bayan kwana biyu, an tashi aiki, Shef ya shigo da wata cikin matan, ya ce in ɗauki manuniyarta in sa bisa sunanki. Babban yatsanta na nata suna, manuniya na naki. Kullum sau biyu take dannawa tun kahin mutane su taru."

Baturiya ta dafa saiwar bedin.

"Wace ce?"

"Ya sa na dahwa Alƙur'ani ba ni hwaɗin suna. Bisa sunan kawai na rantse, shi ya sa nike hwaɗa maki saura. Jiya ban runtsa ba, Inna."

"To ta yaya za ta amshi takarda da sunana? Madam ba ta da ido?"

"Madam sabuwa ce, wata uku da zuwanta daga Yamai. Ba ta san huskar kowa ba. Dosiyen takardunki kuma babu hoto, sun ce yatsa ya hi hoto, shi ba a sauya shi. Za a kira suna, a danna, in ya yi kore a sa hannu. Daga yau a littahin kamfani ita ce Baturiya Shu'aibu. Shekarunki sha ɗaya nata ne, katin asibiti nata ne."

"Shi kuma Garzali mi ya samu?"

"Ya rabu da ke. Ya samu wadda har ta mutu in ya ce zauna za ta zauna."

"Matan hwa? Mu arba'in ne. Babu wadda ba ta san ni ba."

"Kina hita ya tara su. Ya ce wadda ta buɗe baki gaban Madam ba a tambaye ta ba, in tana cikin sha biyun ta hita, in ba ta ciki kuma baɗi kada ta wahalar da ƙahwarta."

"Kai hwa?"

Musbahu ya juya tayar moto da hannu.

"Kai ka sa yatsan. In ka hwaɗi, magana ta ƙare."

"Inna, hannuna na ciki. In ta tashi ni za a hwara ɗaurewa, shi ya ce bai san komi ba, ba shi iya ordinatar. Ga matata wata takwas gare ta."

Ta mai da idonta kan ƙofar kamfani.

"Tahi ka sayo ƙanƙararka."

Ya hau moton ya tafi bai waiwayo ba. Ni dai ban wanke Musbahu ba, ban kuma iya zaginsa da yawa, ku da kuke da baki sai ku yanke.

Baturiya ta zauna tana bin fuskokin matan a zuciyarta ɗaya bayan ɗaya. Wadda suka yi faɗa a kan tire. Wadda ba ta amsa gaisuwa da kyau. Wadda take yawan shiga buro. Kowace ta ɗauko sai ta ajiye, don ba ta da hujja. Korar ma ta daina yi mata zafi. Abin da yake ƙona mata rai shi ne a ce wata shida wata mace tana tashi da safe ta yi salla ta zo ta zama ita, sannan su zauna rumfa ɗaya suna tsintar aya.

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara ɗaurin zane ta ci gaba da jira.

*

Sha ɗaya da rabi farar mota ta kunno kai daga wajen Maradi. Idrisa ya wangale ƙofa duka biyu. Motar tana shiga Baturiya ta tsallako hanya ta bi gefenta ta shige. Shi kuwa Idrisa a daidai lokacin ya gano kwaɗon ƙofar yana da wata matsala, ya duƙa yana dubawa.

An share rumfar shiga, an shimfiɗa tabarmi, an sa tebur a ƙarƙashin injin. Matan suna zazzaune jere-jere, kowace ta sa hijabin fita. Baturiya ta wuce can baya ta zauna a kan buhun aya. Waɗanda suka gan ta suka yi maza suka kau da kai.

Garzali bai lura da ita ba sai da Madam ta zauna. Yana cikin zuba mata ruwa idonsa ya faɗa can baya, ruwan ya zuba a tebur. Ya harari Idrisa, ya harari Musbahu, amma ba halin magana.

Madam Fadila doguwa ce mai tabarau, ba ta da alamar mugunta ko kaɗan. Ta gaishe su da fara'a, ta tambayi zafi, ta tambayi yara.

"Na san da can ana kuka," in ji ta. "Ana cewa sai mai uwa a buro ke samun takarda. Shi ya sa muka kawo injin nan. Shi bai san ɗiyar wane ba, bai san ƙanwar wane ba. Wadda ta zo aiki ita ya sani. Yau babu wadda za a cuta, in sha Allahu."

"In sha Allahu," in ji Garzali, har ya fi kowa ɗaga murya.

Ta buɗe dosiye.

"Amina Hayatu."

Amina ta tashi ta ɗora yatsa. Kore. Sunanta ya fito a fuskar injin, Madam ta duba ta gyaɗa kai, ta miƙa mata biro. Amina ta yi ɗan zanenta a ƙasan takarda ta karɓa da hannu biyu. Wata ta fara guɗa ta katse a tsakiya.

"Rufaida Mumuni."

Kore.

Haka aka yi ta yi. Baturiya tana ƙirgawa da yatsun da injin ya ƙi. Biyar. Shida. Zufa tana bin bayanta. Bakwai. Takwas.

Madam ta juya shafi.

"Baturiya Shu'aibu."

Baturiya ta miƙe.

A layi na biyu daga gaba wata ma ta miƙe, a hankali, tana dafa kafaɗar ta kusa da ita. Ba ta juyo ba. Ba sai ta juyo ba ma, Baturiya ta san bayan nan ko a cikin kasuwar Gazawa.

"Zahra'u?"

Muryar da ƙyar ta fita, amma rumfar ta yi tsit har kowa ya ji.

Madam ta cire tabarau ta dubi wannan ta dubi waccan.

"Suna ɗaya, mutum biyu? Shef, mene ne haka?"

"Madam, ki yi haƙuri," in ji Garzali yana murmushi. "Ta bayan wata ce daga cikin gari. Tana yawan zuwa neman aiki, mun sha ba ta haƙuri. Yanzu za a hitar da ita."

"Ni ce daga cikin gari?" Baturiya ta fara ratso tabarmi tana tsallake ƙafafun mata. "Garzali, ka ji tsoron Allah. Ranar da ka zo gidan ga da jakarka ni na nuna maka inda randa take."

"Kin gani ko, Madam?"

"Dakata," in ji Madam. Ta ɗaga hannu. "Ba sai an yi hayaniya ba. Don irin wannan aka kawo injin. Ku taho ku biyun."

Suka haɗu a gaban tebur, kafaɗa da kafaɗa. Zahra'u tana kallon ƙasa, hawaye yana ɗiga a kan hijabinta. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, leɓenta kawai ke motsi.

"Yaya, ki yahe mani. Ya ce ke ko ta yaya korarki za a yi, katin za shi tahi banza. Kin ga yadda ɗiyar take kwana."

"Shi ya sa kike ce mani in koma gida?"

"Ban so ki gani ba."

"Da kin tambaye ni, Zahra'u."

"Da kin ba ni?"

Ita kanta Baturiya ba ta san amsar ba, kuma wannan ya ƙara mata ciwo.

"Ke ki fara," in ji Madam, ta nuna Zahra'u.

Zahra'u ta ɗaga hannu. Ta naɗe babban yatsan a cikin tafinta ta miƙa manuniya ta ɗora.

Kore.

Madam ta matsa ta karanta abin da ya fito. "Baturiya Shu'aibu. Shekara goma sha ɗaya, fashi babu." Ta juyo. "Ke kuma bisimilla."

"Madam, ni ba shi karɓata. Aikin ne ya cinye..."

"Ki dai gwada."

Ta ɗora babban yatsa. Ja. Ta ɗora manuniya. Ja. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, na dama biyar, na hagu biyar, tana danna kowane har farcen ya yi fari. Injin yana ta ƙararsa iri ɗaya, sau goma, mata arba'in suna saurare.

Ta juya ta fuskanci tabarmin.

"Amina. Ni da ke rana guda munka hwara aikin ga, bisa tire guda. Hwaɗa mata."

Amina ta ƙura wa sabuwar takardar da ke cinyarta ido.

"Ruhwaida, ni na kwana da ke asibiti ranar da kinka haihu. Hwaɗa mata sunana."

Rufaida ta ja hijabi ta rufe baki.

"Ku arba'in ne! Ba ni ce ku yi hwaɗa ba, ba ni ce ku ba ni komi ba. Sunana kawai za ku hwaɗi!"

Ba wadda ta ɗago. Saura mutum uku ba a kira ba cikin sha biyun, kuma kowace a rumfar tana fatan ita ce. Musbahu yana tsaye riƙe da kular ƙanƙara, ruwa yana ɗiga a kan takalminsa.

Madam Fadila ta yi ajiyar zuciya. Ta tura takardar gaban Zahra'u ta sa mata biro a hannu. Sannan ta mai da tabarau, ta jawo wata farar takarda, ta dubi Baturiya da tausayi na gaskiya.

"Kada ki damu, zan rubuta ki ko baɗi a samu wuri. To baiwar Allah, ke mene ne sunanki?"